Jan Ɗigo da Shuɗin Zobe

Faransa, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Nuriya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya aikin labo da gwajin jini, yaya zafin Gaya? An ce mini ruwan farko ya sauka a Bengu, Allah ya ba da damina mai albarka. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Na san za ki ce wane ne wannan. Safiyanu ne, ɗan Ajuma ta Bengu, jikan Sallau wan kakarki Salma. Idan har yanzu ba ki gane ba, ni ne na ɓalle gilashin lunet ɗin babanki, tabaraunsa na karatu, don in ƙona takarda da rana, kika bi ni da muciya har bakin kasuwa. To, har yau aikin ke nan nake yi, sai dai a nan karatu ake kiransa.

Yazidu direban kamiyo, babbar motar kaya, zai kawo miki ƙaramin kwali daga Kwatano. A ciki akwai abin da na yi shekara shida a kansa. Kin san gilashin mikroskof ɗinki mai tumbi ne, kuma guda nawa ne aka jera a cikin ƙarfe mai nauyi. Nawa shimfiɗaɗɗe ne, bai kai ɓawon albasa kauri ba. A fuskarsa an kafa ƴan turaku miliyoyi, kowanne ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa. Kowane turke yana ɗan riƙe hasken da ya bi ta kansa, wani kaɗan, wani da yawa, har hasken ya je ya taru wuri ɗaya. Sai ki maƙala shi a bayan talho, ki sa lam, ɗan gilashin da ake shafa jini a kai, a ƙasa. Burina a riƙa duba palu, zazzaɓin cizon sauro, a ƙauye ba sai an zo gari ba.

Na haɗo da ƴar fitila koriya. Don Allah ki gwada, ki gaya mini abin da kika gani.

Ƙaninki,
Safiyanu

Gaya, 27 ga Yuni

Safiyanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ɗan tari da ke damun autata. Na gane ka tun kafin ka kai ga muciya. Baba har ya rasu bai daina ba da labarin lunet ɗin nan ba, Allah ya jiƙansa.

Tsaraba ta iso, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. Ban taɓa zaton wani daga zuriyar Sallau zai tuna da ni daga can ba. Hamani abokin aikina ya ɗauke ni hoto ina riƙe da abin, ga shi nan na haɗo maka.

Na gwada. Ana gani. Launi ne dai ya ɗan yi yawa, kowane abu da ja a gefe ɗaya da shuɗi a ɗaya gefen, kamar bakin atamfa. Ita kuwa fitilar tana so a caza ta kullum, mu kuma kuran, wato lantarki, a nan yana zuwa ne in ya ga dama. Galibi teburina yana bakin taga, da madubin ƙasan mikroskof nake kamo rana in yi aiki. Sai a hankali dai, komai da lokacinsa.

Na rubuta a takarda ne na ɗauki hotonta na aiko, don ni saƙon murya ba ya zama mini. Ka gaida mutanen wurin aikinku.

Yayarka,
Nuriya

Faransa, 4 ga Yuli

Yaya Nuriya,

Barka da war haka, Allah ya ba auta lafiya. Wasiƙarki ta faranta mini rai fiye da yadda kike tsammani. "Ana gani." Sau biyar na karanta wurin, na fassara wa malamina, har ya tafa mini kafaɗa.

Launin da kika gani mun san da shi, shi ne ciwon kan duk mai irin aikina. Farin haske ba abu ɗaya ba ne, launuka ne a haɗe, kuma kowane launi da tsawon takunsa. Na sassaƙa turakuna daidai takun kore. Idan ja ya bi ta kansu sai ya taru kusa da gilashin, shuɗi kuma ya zarce gaba. Maganin shi ne a sauya siffar turakun, wani zagaye, wani dogo, wani mai rami a tsakiya, a kuma ƙara musu tsayi, yadda kowane launi zai sami jinkirin da ya dace da shi, duk su iso wuri ɗaya. Na yi irin wannan, kuma ya yi. Sai dai faɗinsa bai kai ƙwayar gero ba. Da zarar na faɗaɗa shi, jinkirin da ake bukata a gefe sai ya fi ƙarfin turakun. Wanda na aiko miki babba ne, na kore kawai.

Amma kada ki damu. Na tura miki sabon tsari na talho, wato manhaja. Ki sa shi, shi zai goge jan da shuɗin da ke gefe, hoto ya fito tas.

Yanzu ga roƙona. A watan Nuwamba zan kare tez ɗina, kundin digirin dokta, gaban malamai. Na haɗo takarda mai layi huɗu da faransanci, tana cewa an gwada gilashin a Gaya kuma ya yi aiki. Ki sa hannu, ki buga tambarin labo, shi ke nan. Shekara ashirin da kika yi kina duba jini, sunanki yana da nauyi.

Ƙaninki,
Safiyanu

Gaya, 11 ga Agusta

Safiyanu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Palu ya shigo da ƙarfinsa, lam tamanin nake dubawa a wuni, shi ya sa na jima ban amsa ba. Wannan rabin dalili ne. Ɗaya rabin kuwa, na jira ne raina ya kwanta, ya ƙi kwanciya.

Jiya wata mai kifi daga Tanda ta miƙo mini talho ta ce, "Madam, ba ke ce wannan ba?" Bidiyo ne. Ga ka cikin kwat gaban farare a wani taro, ga ni a hoton bango ƙatuwa, da blus ɗina, rigar aiki mai tabon rini, ina washe baki. A ƙasa an rubuta wai an tabbatar da ingancinsa a Gaya. Hoton da na aiko wa ɗan uwana don zumunci, shi ka kai kasuwa. Ko izinina ba ka nema ba, kuma tun ban sa hannu ba ka riga ka sa mini.

Ka tashi a Bengu, ba a Faransa aka yanke maka cibi ba. Yaushe ka taɓa ganin an kawo wa mutum tsaraba ya ce ba ta da kyau? Ko busasshen kifi mai tsutsa aka kawo, godiya ake yi, a zubar bayan baƙo ya tafi. "Ana gani" ɗin da ka karanta sau biyar, godiya ce. Ka san haka sarai, so ka yi kada ka sani.

To bari in yi maka magana irin ta labo, tunda ita kake so. Ƙwayar palu, idan na rina ta, zobe ce shuɗiya mai ɗan jan ɗigo a gefe. Sai na ga biyun tare nake cewa ita ce. Ja shi kaɗai datti ne, shuɗi shi kaɗai ma datti ne. Da gilashinka, in na juya har ɗigon ya fito, zoben ya narke. In na kamo zoben, ɗigon ya zama hayaƙi. Da koriyar fitilarka kuwa komai kore ne da baƙi, ba na bambanta ƙwayar cuta da garin rini.

Sai kuma tsarin da ka turo. Wannan shi ya fi ba ni ƙyama. Hoto ya fito tas kamar yadda ka ce, har Hamani ya yi kabbara. Amma abin naka bai san wane ja ne na gefe, wane ne na cuta ba, duk goge su yake yi. Na ɗauki lam arba'in da na san akwai palu a cikinsu, da idona na gani a tsohon mikroskof. Naka ya nuna goma sha bakwai. Sauran ashirin da ukun ya wanke su fes, kamar jinin jariri sabon haihuwa. Da mai launin farko aƙalla na san ba na gani. Wannan kuwa kwantar mini da hankali yake yi yana yi mini ƙarya.

Ba zan sa hannu ba. Mutanen nan da ke zuwa da kwale-kwale da kabu-kabu, ba su san turaku ba, ba su san takun kore ba. Sun san idan Nuriya ta ce babu, to babu. Wannan kaɗai na mallaka. Ka cire hotona, ka cire sunan Gaya. Na sa abinka a aljihun tebur, ban gaya wa kowa komai ba, don asirinka asirinmu ne.

Nuriya

Faransa, 19 ga Agusta

Yaya Nuriya,

Ina gaisuwa. Na karanta, kuma ban ji daɗi ba.

Hoton, na yarda, da na tambaye ki. Amma kin yi mini hukunci mai tsanani. A nan kowa haka yake yi, ana nuna inda aka dosa, ba inda ake tsaye ba. Goma sha bakwai cikin arba'in a gwajin farko, da hasken taga, ba abin kunya ba ne. Kuma ban san irin ruwan da kike haɗa rininki da shi ba, wataƙila shi ya sa jan bai kama sosai ba. A labo ɗinmu duk lam ɗin da na gwada sun fito.

Takardar ba ta ce a yi wa kowa magani da shi ba. Layi huɗu ne, babu wanda zai karanta su ban da malamai biyar. Idan babu gwajin Gaya, babi guda ya faɗi, kuma babin nan shi ne dalilin da ya sa aka karɓi aikin tun farko. Inna ta riga ta gaya wa duk Bengu cewa a Nuwamba ɗanta zai zama dokta. Ki dube ta ko ba ki dube ni ba.

Zan jira amsarki.

Safiyanu

Gaya, 2 ga Oktoba

Safiyanu,

Kafin komai: Gwaggo Ajuma tana da rai, tana cin abinci, jiya ta taka da ƙafarta har bakin ƙofa. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune. Na san an gaya maka ba ta jin daɗi, na kuma san ba a gaya maka yadda aka yi ba.

Ban amsa wasiƙarka ta Agusta ba saboda ka zargi ruwan rinina, ni kuma na ga in na buɗe baki zumunci zai lalace. Na bar ta a ƙarƙashin littafin rajista.

Ran sha takwas ga Satumba aka tura ni Doso kwas na kwana huɗu. Washegari innarka ta zo daga Bengu a bayan moto, kwana biyu tana masassara. Gwajin gaggawa na tsinke ya ƙare mana tun farkon wata, sai lam. Hamani ya ɗebi jini, ya rina, ya ɗauko tsohon mikroskof zai kai bakin taga. Shi ya ba ni labarin abin da ta ce, kuma na san muryarta, ban yi shakka ba.

"Mi za ka yi da wannan tsohon ƙarhe? Ina madubin ɗana?"

Ya ce, "Inna, Madam ta ajiye shi."

"To ɗauko. Duniya duk ta gani a talho, ni da na haihe shi za a duba ni da na mutane? Da nashi nika so."

Ka san ba a musu da tsohuwa a gaban jama'a, balle uwar dokta. Hamani kuma abin da ya sani game da gilashinka shi ne hoto mai kyau da ya yi wa kabbara. Ya maƙala, ya duba, ya ga jini fes. Ya rubuta babu. Aka ba ta maganin ciwon jiki, ta koma Bengu tana gaya wa mai moto cewa madubin ɗanta ya ce lafiyarta lau.

Kwana uku bayan haka aka dawo da ita kwance a bayan mota, ba ta san wanda ke kanta ba. Ranar na dawo daga Doso, ko gida ban je ba. Na ɗebi sabon jini, sannan na ce Hamani ya nemo mini lam ɗin ranar farko, don ba ma zubarwa sai wata ya cika. Na sa shi a tsohon ƙarfen da ta raina, na kamo rana. Ban yi minti biyu ba na ga zobe na farko da jan ɗigonsa. Suna nan tun ranar, ba su da yawa, amma suna nan. Da a ranar aka gani, ƙwayoyi na kwana uku za ta sha a ɗakinta. Maimakon haka ta yi kwana shida ana yi mata allura da ƙarin ruwa, har da leda ɗaya ta jini. Maigidana ne ya bayar.

Kada ka ɗauka kai kaɗai nake jin haushi. Hamani ya zo yana kuka zai ajiye aiki, na ce ya zauna, laifin ba nashi ba ne. Ni ce na san abin yana goge cuta, na sa shi a aljihun tebur na yi shiru, wai ina rufa wa ɗan uwana asiri. Sau biyu ke nan kawaici ya sa ni yin abin da bai dace ba, na farko da na ce ana gani, na biyu da na ƙi faɗa wa abokin aikina. Duk lokacin da na buɗe aljihun nan sai in ji ƙyamar kaina. Na kai wa majo, shugaban asibitinmu, rahoto da hannuna, da sunana a sama.

Yazidu zai tashi zuwa Kwatano ran Alhamis, na ba shi kwalinka. A ciki akwai gilashinka, da fitilarka, da takardarka mai layi huɗu ba sa hannu. Na naɗe lam ɗin ranar farko a auduga na sa a tsakiya. Da ruwan rinina na kullum aka rina shi. Ka ce duk lam ɗin labo ɗinku sun fito, to ga ɗaya daga namu. Ka sassaƙa turakunka yadda ka ga dama, zagaye ko masu rami, ni ban san wannan ba. Ranar da ka ga jan ɗigo da shuɗin zobe tare a cikin jinin nan, da farin haske, ba tare da talho ya goge komai ba, ka aiko. Zan gwada a lam ɗari, in ya yi in sa hannu har da tambari biyu.

Saura abu ɗaya. Gwaggo ba ta san komai ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa madubin ɗanta ne ya gano ciwon daga baya. Da safen nan ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, in kin rubuta mai, ki ce na gode, abin nashi ya yi aiki." To, na isar da saƙo. Ban gyara mata ba, kuma ba zan gyara ba. Wannan naka ne.

Nuriya

Faransa, 29 ga Oktoba

Yaya Nuriya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida gaisuwa ta musamman, ban san da wane baki zan gode masa ba. Ki ce wa Hamani ya yafe mini.

Kwali ya iso ran Litinin. Na sa lam ɗin a ƙarƙashin gilashina, na yi wuni biyu ina nema, ban ga komai ba. Sai na sauka bene na roƙi wata mai aikin jini ta ara mini mikroskof irin naki. Ba ta san jinin wa ba ne. Ta leƙa, ta ce, "Ga su nan ai, wa ya ce babu?"

Na cire babin Gaya. Na sa an sauke bidiyon, na rubuta wa waɗanda suka shirya taron cewa abin da na faɗa ba haka yake ba. Malamina bai ji daɗi ba, ya ce abin da ya rage na aikin bai isa tez ba. Babu kare tez a Nuwamba, sai baɗi in Allah ya yarda. Lam ashirin da ukun da abin ya wanke, ina roƙon izininki in sa su a sabon babi yadda suke. In kin ce a'a, ba zan sa ba.

Jiya bayan la'asar na kira Inna. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Sai ta ce, "Ashe da ƙarhen Nuriya aka gan shi?" Na ce e. Ta ce, "To kai shekara shidda mi kake yi can?" Na buɗe baki in yi mata bayanin takun ja da na shuɗi, sai na ji ba zan iya ba. Ta ce in ci abinci, ta ba Rakiya ƙanwata talho.

Yau da safe na kashe koriyar fitilar, na sa ta a kwali. Na ja teburina zuwa bakin taga, abokan aiki suna kallona kamar na taɓu. Ranar nan ba ta kai ta Gaya ƙarfi ba, amma fara ce, launukan duk suna ciki. Jinin Inna yana gabana. Har yanzu in na kamo ɗigon, zoben narkewa yake yi.

Ƙaninki,
Safiyanu